Gadarif da Tsadar Neman Gudummawa: Waiwaye a Kan Tarihin Tara Kuɗin Agaji a Gabashin Sudan

1.0 Gabatarwa

Duk ƙungiyar da aka kafa domin taimakon jama'a, ba domin cin riba ba, tana da ayyuka biyu a wuyanta. Na farko shi ne wanda aka san ta da shi: ciyar da mayunwata, ko jinyar marasa lafiya, ko karantar da yara. Na biyu kuwa ba a cika son ambatonsa ba, wato neman kuɗin da za a yi na farkon da shi. Mai bayarwa yana so ya ji cewa kowane kwabo da ya fita daga aljihunsa ya faɗa tafin hannun mabuƙaci kai tsaye. Sai dai banza ba ta kai zomo kasuwa. Kafin kwabon ya isa, sai wani ya je ya roƙa, wani ya rubuta, wani ya ƙirga, wani ya ɗauko, kuma duk waɗannan mutane suna ci suna sha.

Wannan maƙala za ta bibiyi tarihin wannan aiki na biyu a wuri guda, wato Gadarif da ke gabashin Sudan, garin da Hausawa masu yawa suka mayar gida. A cikin shekaru ɗari da 'yan kai, yankin ya ga kusan kowace hanya da ɗan Adam ya ƙirƙiro ta tara taimako, tun daga ƙoƙon matafiyi har zuwa wayar hannu. Abin da tarihin ya nuna shi ne, ba a taɓa tara gudummawa kyauta ba. Abin da ke sauyawa shi ne irin farashin da kuma wanda ke biyan sa, sannan ɓarnar ta fi yawa a lokutan da aka ɓoye farashin.

2.0 Rumbun Sudan, Zangon Baƙi

Gadarif tana da nisan kimanin kilomita 400 kudu maso gabas da Khartum, kuma jiharta ta yi iyaka da Habasha. Tsohon sunan garin shi ne Suk Abu Sin, wato kasuwar Abu Sin, gidan sarautar Larabawan Shukriyya. Ƙasar yankin baƙar laka ce mai riƙe ruwa, wadda ke ba da dawa da riɗi da damina, amma kuma take kama ƙafar mota idan an yi ruwa. Jirgin ƙasa ya iso garin a 1928. A tsakiyar shekarun 1940, a ƙarƙashin mulkin Ingilishi, aka fara noma da tarakta a yankin Gadambaliya da ke kusa da garin. Daga nan manyan gonaki suka yi ta faɗaɗa, har aka gina wa garin ƙaton rumbun zamani mai cin tan 100,000, kasuwar amfanin gonarsa kuma ta zama wadda ake duba farashin riɗi da dawa a kanta a duk faɗin ƙasar.

Tarakta tana huɗa tana shuka, amma cirar ciyawa da yankan riɗi aikin hannu ne. Saboda haka gonakin Gadarif kullum suna neman 'yan ƙodago, daga yammacin Sudan, da Afirka ta Yamma, da Habasha. Hatsi mai yawa da baƙi masu yawa a wuri guda, su ne suka sa tarihin agaji a wannan yanki ya cancanci nazari, domin a nan an sha ganin yunwa tana zaune a gindin rumbu.

3.0 Zamanin Ƙoƙo da Gayya

Tun kafin zuwan Turawa, mahajjata daga ƙasashen yamma suna ratsa wannan yanki a ƙasa. Mutanen Sudan suna kiran su Takarir ko Fallata, kuma a ƙarni na 19 har suna da garinsu da shehinsu a Gallabat, a bakin iyakar Habasha. Ayarin ya ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a gabas, suka zauna a bakin kogin Nilu Shuɗi kusa da Sinnar, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Daga baya Hausawa da Fulani suka bazu zuwa gonakin audugar Jazira, da Gadarif, da Kasala, har zuwa gaɓar Bahar Maliya. Masanin nan C. Bawa Yamba ya wallafa littafi a 1995 a kan zuriyarsu, inda ya nuna yadda mutanen da aka haifa a Sudan, su da iyayensu, suke ci gaba da ɗaukar kansu matafiya masu niyyar Makka.

Tafiyar da kan ci shekaru ba ta yiwuwa da guzurin gida. Mahajjaci yana yada zango, ya yi noma ko wanzanci ko ga-ruwa, ya tara abin da zai kai shi zango na gaba. Wanda ya gaza, ko ya kwanta ciwo, sai ya dogara da abubuwa uku. Akwai masauki a wurin ɗan'uwan da ya riga shi zuwa. Akwai khalwa, wato tsangayar mutanen Sudan, inda ake karatun Alƙur'ani, baƙo kuma ba ya kwana da yunwa, domin a manyan cibiyoyin shehunai akwai ɗakin girki da ake kira takiyya wanda tukunyarsa ba ta sauka. Akwai kuma nafir, wanda shi ne aikin gayya a wurin Bahaushe: a taru a nome gonar wanda ya kasa, ko a ɗaga masa jinka.

A ido, wannan tsari bai ci ko anini na gudanarwa ba. Babu ofis, babu albashi, babu takarda. Mai bayarwa yana ganin tukunyar da idonsa, ya san malamin, ya san wanda ya ci, don haka babu buƙatar mai binciken kuɗi. Amma yana da nasa farashin. Mai roƙo yana biya da mutuncinsa da lokacinsa. Mata suna biya da surfe da niƙa da tsayuwa a bakin murhu. Babban rauninsa kuma shi ne iyakarsa iyakar sanayya. Idan fari ya faɗa wa gari gaba ɗaya, mai bayarwa da mai karɓa sun zama ɗaya, ƙoƙon sai ya dawo wayam. Idan kuma baƙin sun kai dubbai a rana guda, babu zauren da zai ɗauke su.

4.0 Zamanin Taro da Takarda

Irin waɗannan baƙi suka fara kwararowa a 1967, lokacin da yaƙin Eritiriya ya koro mutane kusan 30,000 zuwa gabashin Sudan. Gwamnati ta buɗe ofishin Kwamishinan 'Yan Gudun Hijira, a 1974 kuma ta yi dokar ba da mafaka. Bayan juyin mulkin da ya kifar da Sarki Haile Selassie a wannan shekarar, adadin ya yi ta hawa. Aka kafa matsugunai a kewayen Gadarif, irin su Kala'an Nahal da Um Gargur da Um Rakuba da Tawawa, wasu an ba mazaunansu gonaki, wasu kuma an ajiye su kusa da manyan gonaki domin su rayu da ƙodago.

A nan neman taimako ya tashi daga baki ya koma takarda. A watan Yuni na 1980 gwamnatin Ja'afar Numairi ta kira taron ƙasa da ƙasa a Khartum domin neman kuɗin kula da 'yan gudun hijira. A watan Afrilu na 1981 Majalisar Ɗinkin Duniya da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka suka kira babban taro a birnin Janeba na ƙasar Suwizalan, inda aka yi alƙawarin kimanin dala miliyan 560 domin 'yan gudun hijirar Afirka baki ɗaya. Da aka zauna lissafi, sai aka tarar yawancin kuɗin an ɗaure su ne ga ayyukan da hukumomin Majalisar suka riga suka tsara, ƙasashen da ke ɗauke da nauyin baƙin ba su ga sabon abu mai yawa ba. Aka sake wani taron a Yuli 1984, inda ƙasashe 14 suka gabatar da ayyuka 128 da za su ci dala miliyan 362. Kaɗan daga ciki aka biya, kafin yunwar da ta biyo baya ta janye hankalin kowa.

Wannan zamani ya kawo ɗawainiyar da masu ƙoƙo ba su sani ba. Sai an ɗauki masu iya rubuta buƙata da harshen mai bayarwa. Sai an biya jirgi da masauki na wakilai. Sai an jira watanni tsakanin alƙawari da kuɗi. Tun da yawan kuɗin ya rataya ne a kan yawan kawuna, ƙidayar 'yan gudun hijira ma ta zama abin jayayya tsakanin gwamnati da masu bayarwa. Kuma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski: kuɗin da aka bayar domin sansani ba a taɓa shi domin ƙauyen da ke maƙwabtaka da shi, ko da rijiya ɗaya suke sha.

5.0 Zamanin Hoto: 1984 zuwa 1985

Tun tsakiyar 1984 masu aikin agaji suke gargaɗin cewa yunwa da yaƙi za su koro mutanen Tigirai na arewacin Habasha zuwa Sudan. Gargaɗin bai buɗe aljihun kowa ba. Abin da ya buɗe shi shi ne rahoton talabijin da BBC ta nuna ranar 23 ga Oktoba 1984 daga garin Korem, wanda Michael Buerk ya karanta, Mohamed Amin ɗan Kenya kuma ya ɗauki hotunansa. Bayan kimanin wata guda mawaƙa a Ingila, ƙarƙashin jagorancin Bob Geldof, suka haɗu da sunan Band Aid suka yi faifan neman taimako. Ranar 13 ga Yuli 1985 aka yi gagarumin wasan Live Aid a Landan da Filadelfiya a lokaci guda, kuma an ƙiyasta abin da ya janyo ya kai fam miliyan 150 na Ingila. A shekarar 1984 ɗin ce kuma wani likita ɗan Masar mazaunin Birmingham, Hany El-Banna, ya kafa Islamic Relief bayan ya ga halin da ake ciki a Sudan, kuma gudummawar farko da ya samu kwabo 20 ce daga hannun wani yaro.

Kuɗin sun ceci rayuka masu yawa, amma sun iso ne a bayan gawa. Mutanen Tigirai kusan 200,000 suka tako zuwa gabashin Sudan. Sansanin Wad Kowli, a bakin kogin Atbara kusa da iyaka, ya cika da dubun-dubatar mutane cikin 'yan makonni, ruwa ya ƙare, ƙyanda ta shiga yara. Allurar da za ta tare ƙyandar kafin ta ɓarke ta fi jinyar da aka yi daga baya arha nesa ba kusa ba, sai dai ciwon da bai zo ba ba shi da hoto. Ita ma gwamnatin Numairi, wadda ta shekara da shekaru tana tallata Sudan a matsayin rumbun ƙasashen Larabawa, kuma aka yi ta fitar da dawa zuwa Saudiyya a shekarun da suka gabata, ta yi nauyin baki wajen amsa cewa 'yan ƙasarta suna cikin yunwa. An kifar da ita a Afrilu 1985.

Da kuɗin suka iso kuma, sai suka tayar da farashin duk abin da agaji ke buƙata. Hatsin da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan sai an ɗauko shi a mota, ƙungiyoyi da yawa kuma suna rububin motoci kaɗan, don haka masu motocin suka tsuga kuɗi. Har sai da Band Aid, wadda ta fara da alƙawarin cewa duk abin da aka tara zai tafi ga mayunwata, ta sayi manyan motocinta a Sudan. Darasin a fili yake: mota da direba da makaniki su ma agaji ne, domin buhun da bai bar tashar ruwa ba bai ƙosar da kowa ba.

Akwai wani lamari da ya faru a Gadarif kanta a waɗannan watanni, wanda ya nuna farashin talla ƙarara. Cikin masu gudun hijirar akwai Yahudawan Habasha, waɗanda ke kiran kansu Beta Isra'ila, kuma da yawansu sun mutu a hanya da kuma a Um Rakuba. Daga 21 ga Nuwamba 1984 aka fara kwashe su a asirce da motoci daga Tawawa zuwa filin jirgin saman Khartum, daga can zuwa Isra'ila ta hanyar Beljiyam, a wani shiri da aka sa wa suna Shirin Musa. Sharaɗin hukumomin Sudan shi ne kada maganar ta fita. Amma ƙungiyoyin Yahudawan Amurka sun buɗe asusun neman dala miliyan 60 domin tsugunar da mutanen, kuma ba a roƙon kuɗi da baki a rufe. Abin da aka faɗa wa masu bayarwa ya shiga ƙananan jaridu, daga nan ya shiga manya. Gwamnatin Isra'ila ta tabbatar da labarin a farkon Janairu 1985, nan take Sudan ta dakatar da jigilar. An riga an kwashe kusan mutum 8,000, amma an bar wasu a baya, iyalai sun rabu, sai a watan Maris jiragen Amurka suka ɗauki wasu ɗaruruwa daga wani fili kusa da Gadarif. Kururuwar da ke kawo kuɗi ita ce ta rufe ƙofar da ake neman kuɗin dominta.

6.0 Zakka da Rabon Ma'aikatanta

A daidai wannan lokaci Sudan tana gwada wata hanyar ta cikin gida. A 1980 aka kafa asusun zakka na ganin dama, abin da ya tara kuma bai taka kara ya karya ba. A 1984 aka wajabta ta da doka, aka haɗa ta da haraji. A 1986 aka raba su, aka kafa Diwanin Zakka, sannan dokokin 1990 da 2001 suka ƙara masa ƙarfi. Gadarif tana sahun gaba a zakkar amfanin gona, domin nomanta na damina ne, abin da ke kansa kuwa ushiri ne, wato buhu ɗaya cikin goma, ga duk wanda girbinsa ya kai nisabin wasƙi biyar, kimanin kilo 653. Noman ban-ruwa mai ɗawainiya rabin haka ake fitarwa.

Zakkar hatsi ba ta zuwa da ƙafarta. Sai an tura masu ƙiyasi gonaki, an sayi buhuna, an yi hayar motoci kafin damina ta rufe hanya, an tanadi rumbu, an yi maganin ƙwari da ɓera. Abin lura shi ne shari'ar Musulunci ba ta ɓoye wannan ba. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa mutum takwas da ake ba zakka, na uku a cikinsu su ne ma'aikatan da ke tattara ta, kuma ana biyan su ko da mawadata ne, domin ladan aiki ne. Malamai sun yi saɓani a kan iyakar rabon. A mazhabar Shafi'i asalin rabonsu ɗaya ne cikin takwas, su kuwa Malikawa da Hanafawa sun bar shi gwargwadon aikin da aka yi. A ɗaya ɓangaren akwai labarin Ibnul Lutbiyya a cikin Bukhari da Muslim, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka ba shi, Annabi (SAW) ya hau mumbari ya yi tir da hakan. Wato an halatta lada bayyananne, an haramta na ɓoye.

Wannan bai hana ƙorafi a Sudan ba. An daɗe ana muhawara a kan yawan abin da albashi da gine-gine da motocin Diwanin ke ci, da kuma zargin cewa a zamanin mulkin Umar al-Bashir siyasa ta shiga rabon. Manomi kuma yana kukan cewa ga zakka ga harajin jiha a kan buhu guda. Tilas tana rage wahalar roƙo, amma idan mai bayarwa ya daina ganin inda hatsinsa ya tafi, sai ya fara ɓoye girbi, a koma kashe kuɗi wajen farautarsa.

7.0 Takunkumi da Farashin Canji

Daga shekarun 1990 wata sabuwar ɗawainiya ta ɓullo, wato wahalar shigo da kuɗin da aka riga aka tara. Amurka ta sa Sudan cikin jerin ƙasashe masu goyon bayan ta'addanci a 1993, ta ƙaƙaba mata takunkumin ciniki a 1997. A 2014 aka ci bankin BNP Paribas na Faransa tarar kusan dala biliyan 9 saboda karya takunkumi, ciki har da na Sudan. Daga nan bankuna da yawa suka guji duk wani aike mai sunan ƙasar, ko da na magani ne. An ɗage takunkumin a Oktoba 2017, an cire ƙasar daga jerin a Disamba 2020, amma tsoron bai fita da wuri ba. A cikin gida kuma dokar ayyukan sa-kai ta 2006 ta wajabta wa ƙungiyoyi rajista da neman izini kafin karɓar kuɗin waje, a Maris 2009 kuma aka kori manyan ƙungiyoyin waje 13 a lokaci guda.

A Nuwamba 2020 yaƙi ya sake ɓarkewa a Tigirai, fiye da mutum 40,000 suka tsallako cikin makonni kaɗan. Mutanen garuruwan bakin iyaka da 'yan sa-kai na ƙungiyar Jinjirin Wata ta Sudan su suka fara tarar su da ruwa da abinci. Aka sake buɗe Um Rakuba, aka ƙara da Tunaidba a Janairu 2021, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta nemi dala miliyan 147. A lokacin farashin gwamnati fam 55 ne a kan dala ɗaya, a kasuwar bayan fage kuwa ya ninka haka sau da yawa. Ƙungiyar da ta canza kuɗinta a banki, kamar yadda doka ta ce, sannan ta shiga kasuwa sayen kaya da farashin bayan fage, ta yi asarar mafi yawan darajar gudummawar tun kafin ta sayi tabarma ɗaya. Sai ranar 21 ga Fabrairu 2021 Babban Bankin Sudan ya mayar da canjin fam 375. Wannan asara ba ta fitowa a rahoton kowace ƙungiya a matsayin kuɗin gudanarwa, amma ta fi albashin ma'aikata cin gudummawa.

8.0 Waya da Takiyya

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun kai ɗaukin gaggawa ya mayar da 'yan ƙasa su ne baƙin Gadarif. Bayan faɗuwar Wad Madani a Disamba 2023, da ta Sinja a tsakiyar 2024, dubban ɗaruruwan mutane suka cika makarantu da tashoshin mota da gidajen 'yan'uwa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi dala biliyan 2.7 domin Sudan a 2024, amma har watan Afrilu abin da ya shigo bai kai kashi 10 cikin 100 ba. A taron Paris na ranar 15 ga watan aka yi alƙawarin sama da yuro biliyan 2.

Waɗanda suka riƙe jama'a kafin alƙawari ya zama tuwo su ne matasan unguwanni da suka kafa abin da suka kira ɗakunan gaggawa, suka farfaɗo da takiyya da sunanta na da. Suna kiran aikin nasu nafir. Kuɗin yana zuwa ne daga 'yan Sudan mazauna Saudiyya da ƙasashen Gulf da Turai, ana roƙo a Facebook da WhatsApp, ana turowa ta manhajar Bankak ta Bankin Khartum, ana kuma wallafa hoton tukunya da rasit domin mai bayarwa ya gani. Tsohon tsarin ƙoƙo ne, waya ta tsawaita masa hannu.

Shi ma da nasa farashin. Da layukan sadarwa suka ɗauke a Fabrairu 2024, tukwane da yawa sun sauka, domin kuɗin suna cikin waya. A wasu yankuna dillalai suna yankar kaso kafin su mayar da kuɗin manhaja tsaba. An kama wasu 'yan sa-kai, an kashe wasu, kowane ɓangare yana zargin su da yi wa ɗayan aiki. Masu turo kuɗin ma suna gajiya, domin kowannensu yana ɗauke da danginsa. Da kuɗin manyan masu bayarwa suka fara shigowa, sai suka zo da dogaro. A Janairu 2025 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da tallafin Amurka na ƙasashen waje, cikin makonni kaɗan masu kula da ɗakunan gaggawa suka ba da sanarwar rufe wuraren girki kimanin 1,100 a faɗin ƙasar, wato kusan kashi 80 cikin 100.

A nan rashin daidaito ya fito fili. Hukumar Abinci ta Duniya tana cire kashi 6.5 cikin 100 na yawancin gudummawar da take samu domin ɗawainiyar gudanarwa, kuma kowa ya amince da hakan. Ƙaramar ƙungiyar gida kuwa sau da yawa ana ba ta kuɗin hatsi kawai, a ce ta kawo rahoto da rasit, ba tare da kuɗin akanta ko na intanet ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A taron Istanbul na 2016 manyan masu bayarwa sun yi alƙawarin miƙa kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji ga ƙungiyoyin gida kafin 2020, amma abin da ke isa gare su kai tsaye ya tsaya a 'yan kaso ƙalilan. Ko a Amurka, a 2013 manyan cibiyoyi uku masu auna ƙungiyoyin agaji sun fitar da wasiƙar haɗin gwiwa suna jan hankalin masu bayarwa cewa ƙarancin kuɗin gudanarwa ba shi ne ma'aunin nagarta ba, domin ƙungiyar da aka hana ta kashe kuɗi a kan lissafi da horo ita ce ke fara durƙushewa.

9.0 Kammalawa

Tarihin Gadarif ya nuna hanyoyi biyar na tara taimako, kowace da abin da ta ci. Ƙoƙo ya ci mutunci da ƙarfin mata, kuma bai wuce iyakar sanayya ba. Taro ya ci lokaci da 'yancin zaɓar abin da za a yi da kuɗin. Hoto ya kawo miliyoyi a makare, wani lokaci ma ya tona asirin da rayuka suka rataya a kansa. Zakkar hukuma ta ci albashi da rumbu, ta kuma dogara da amanar manomi. Waya ta rage masu shiga tsakani, ta ɗora haɗarin a kan matasan da ba a biyan su.

Mai karatu a Kano ko Katsina ko Maraɗi ba baƙo ba ne ga wannan. An sha ganin bikin ƙaddamar da asusun masallaci ko na makaranta inda kuɗin rumfa da kujeru da sanƙira suka kusa cinye tsabar da aka samu, manyan alƙawuran da aka yi ta tafi dominsu kuma suka tsaya a lasifika. Maganin ba ya cikin yin kamar babu ɗawainiya. Kwamitin da ke neman gudummawa ya kamata ya faɗi tun farko nawa neman zai ci da wanda zai karɓa, ya rubuta alƙawari daban da tsaba, ya guji dogaro da mai bayarwa guda, sannan ya karanta lissafin a bainar jama'a. Mai bayarwa kuma, maimakon ya nemi a rantse masa cewa ba a taɓa ko kwabo ba, gara ya tambayi nawa aka kashe wajen tarawa, a kan me, kuma me ragowar ta yi. Malaman fiƙihu sun tattauna rabon ma'aikacin zakka a fili fiye da shekaru dubu da suka wuce, suka ba shi haƙƙinsa, suka kuma sa masa iyaka. Ƙungiyoyin yau suna buƙatar duka biyun.